Zaman Makokin Falasɗinawa A Ƙofar Gidanmu

Shekarun baya, tun kaina bai san furfura ba, bakina kuma ya fi na yanzu kaifi, ina da ɗan shagon gyaran rediyo a Agege, dab da layin dogo. Shekara ta uku ke nan da sojoji suka koma bariki. Shagon ko mutum uku suka shiga sai ɗaya ya bar ƙafarsa a waje, amma da la'asar ta yi sai bencin ƙofarsa ya zama majalisa. Duk rediyon da aka kawo gyara, da labaran duniya nake gwada shi kafin in mayar wa mai shi, don haka babu abin da zai faru a bayan ƙasa ban riga 'yan layinmu ji ba. Har ministan harkokin waje suke kirana. Ni kuma ban taɓa ƙin amsawa ba.

A Legas aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata. Kakanta sojan Turawa ne, da aka sallame shi ya ga Ikko, wato Legas, ta yi masa, bai koma gida ba. Yarbanci muke yi kamar yadda muke Hausa. Muna zaune a gidan haya irin mai dogon lungu a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna. Mai gidan wata dattijuwar Bayarabiya ce, Musulma, kowa Alhaja yake ce mata, kuma in ta yi magana a layin nan ta zauna. Ɗakin da ke kallon nawa na abokina ne.

Abokin nan nawa Basakkwace ne, dillalin albasa a kasuwar Mile 12. Mun daɗe muna cin tuwo tare muna tsokanar juna. Shi ya ce ni ɗan Ikko ne da bai taɓa ganin gero a gona ba, ni in ce ko da turare ya yi wanka albasa ce za ta riga shi yin sallama. Yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya je har gida ya roƙi tsohuwarsu ta ba shi shi, ya saya masa babur. Ƙanen yana okada a Idi-Araba, can yake kwana wurin 'yan garinsu.

A farkon shekarar rikici ya ɓarke a Idi-Araba tsakanin mutanenmu da Yarbawa. Waɗanda suka zauna a Legas a lokacin ba sai na tuna musu ba. An kashe mutane, an ƙone gidaje, an kwashe wasu an kai bariki. Ƙanen abokina ya fita da babur ɗinsa da safe, shi ke nan. Ba a gan shi ba, ba a ga gawa ba, ba a ga babur ba, ba a kuma sami mutum ɗaya da zai ce ga inda ya gan shi ƙarshe ba.

Tun daga nan abokina ya zama wani mutum daban. Duk ranar Lahadi, da an idar da asuba, zai fita. Asibitoci, ɗakunan ajiye gawa, ofisoshin 'yan sanda, duk inda aka ce an ga wani mai kama da ƙanen. Ya dawo da azahar ya shige ɗaki, ko abinci ba ya nema. Abu ɗaya ne bai yarda da shi ba, a yi masa ta'aziyya. In wani ya kuskura ya ce Allah ya jiƙansa, sai ya juyo ya kafe shi da ido: "Kai kag ga gawatai?" Liman ya yi masa magana, mutanen kasuwa sun yi, ya ce shi ba zai aika wa tsohuwa cewa ɗanta ya mutu ba alhali bai gani ba. Ya kuma daina gaida Alhaja. Matar da a da yake kawo wa albasa kyauta, yanzu in ya hango ta a ƙofa sai ya zagaya ta baya.

Ana cikin haka, wajen wata biyu da rikicin, labarin Falasɗinu ya cika rediyo. An daɗe ana yaƙin, amma a makwannin nan abin ya kai inda ya kai. Tankoki sun shiga garuruwa, an hana fita, an rusa gidaje a wani sansanin 'yan gudun hijira, an hana motocin asibiti wucewa. Abin da ya fi tsaya min a wuya shi ne, akwai waɗanda suka mutu aka rasa damar binne su. Ba a kan masu bindiga nake magana ba. Tsofaffi, mata, yara, masu ɗan shago irina. Ni kuma mutum ne da in abu ya ci min rai sai na yi wani abu a kai, ko da ya fi ƙarfina sau dubu.

Na tara samarin majalisata na ce musu ranar Juma'a, da an sallame salla, za mu fito daga masallaci mu taka har Pen Cinema, duniya ta san mutanen Agege ba su yarda ba. Muka sayi kwali, mai rubuta allon shaguna ya zana mana manyan baƙaƙe, kafinta ya yanko mana dogayen katako muka buga kwalayen a jiki. Na jera su a bayan ƙofar ɗakina ina kallo, ina jin kaina wani babba.

Abokina ya leƙo ya gani.

"Ɗan Ikko, mi ne ne wanga?"

Na yi masa bayani, har da ɗaga hannu sama.

"Kas san su?"

"Sai na san mutum zan ji zafin kashe shi?"

Ya daɗe yana kallon kwalayen. Sannan ya ce, "Nan Idi-Araba anka yi, motar danfo guda za ka shiga ka isa. Ban ga kwalinka ba."

Ya juya ya shige ɗakinsa. Maganar ta yi min ciwo, kuma daga ranar kowa a ɗakinsa yake cin tuwonsa. Na ji tsoron zan rasa shi, wannan gaskiya ne. Duk da haka ban fasa ba, don ban ga yadda shiruna a kan Falasɗinu zai dawo masa da ƙanensa ba.

Mahaifiyata ce ta karya min tafiyar. Ta shigo ɗakina neman ashana, ta yi turus.

"Waɗannan sandunan fa?"

"Ba sanduna ba ne, Iya. Na riƙe kwali ne."

"Wa zai tsaya karanta kwali?" Ta ɗaga ɗaya ta auna nauyinsa a hannu. "Garada sun fito daga masallaci da katako suna kabbara, jinin Idi-Araba ko bushewa bai yi ba. Kafin ku kai bakin titi an rufe shaguna. Kafin ku kai Pen Cinema an fito muku da adduna. Abi ba a garin nan aka haife ka ba?"

"To mu yi shiru ke nan, ana kashe mutane?"

"Wa ya ce ka yi shiru? Kai da shiru ai ba ku taɓa haɗa hanya ba." Ta zauna a bakin gadona. "Ba kai ka ce mutane sun mutu an hana a binne su ba? Ba ka ce 'yan'uwansu ko zaman karɓar gaisuwa ba su samu ba? To ku zauna musu. Tunda kake, ka taɓa ganin wanda ya tada mutanen da ke zaman makoki?"

Gardama abincina ce, amma na san gaskiya ta faɗa. Duk wanda ya san Legas ya san wannan. In aka kafa kanofi aka tare titi saboda mutuwa, direban danfo ma, wanda ba ya ganin kowa da gashi, ribas zai yi ya nemi wata hanya. Yarbawa suna yi don fidau ɗinsu, wato addu'ar mamaci, mu muna yi don sadakar uku da ta bakwai. Mutum yana tafe da katako abin tsoro ne, amma yana zaune a tabarma ya cire takalmi, ko maƙiyinsa sai ya rage murya in zai wuce.

Ita da kanta ta je wurin Alhaja, ni ina biye da ita. Suka yi ta Yarbancinsu. Alhaja ta saurara har ƙarshe, sannan ta juyo gare ni.

"Yara ma suna cikin waɗanda aka kashe?"

"Suna ciki, Mama."

"Oya, ku kafa a ƙofata. Masu gidajen layin nan ni zan gaya musu."

Liman ya yarda zai ja addu'a. Aka tsayar da Lahadi, don ranar Asabar ba ka samun kanofi a Legas, duk masu biki sun kwashe. Muka ɓalle kwalayen daga katakon muka ɗaure su da igiya a jikin ƙarafan kanofi, da Hausa da Yarbanci da Turanci: a daina kashe fararen hula, a bar motocin asibiti su wuce, a bar mutane su binne matattunsu. Katakon kuwa da su Iya ta dafa shinkafar sadaka.

Na gaya wa abokina ta bakin ƙofa cewa mun fasa tafiya, zama za mu yi. Ya ce, "Ni Lahadi ina da wurin zuwa." Ranar da asuba ya fita kamar kullum, kafin masu kanofi su iso. Ni da Iya da Alhaja da liman, babu wanda ya kawo a ransa abin da tabarma take nufi a ƙofar gidan da aka yi ɓatan mutum.

Da hantsi aka fara taruwa. Mu a tabarmi, maƙwabtanmu Yarbawa a kujeru, mata can gefe wajen tukwane. Wani tela mutumin kudancin Kaduna ya zo da matarsa daga coci, ya ce ya ji yaƙin ya kai har garin da aka haifi Annabi Isa. Sai dai tun farko akwai abin da ya ƙi zama daidai. Bahaushe in ya zo makoki sai ya durƙusa gaban wani ya ce ya haƙuri. To gaban wa? Mutum zai cire takalmi ya tsaya yana waige-waige. Ya nufi liman, liman ya nuna ni. Ni kuma in amsa da godiya, ina jin kaina kamar wanda ya ari rigar da ta fi shi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga danfo ta tsaya a bakin layi, mutanen Mile 12 suka zubo. Kafin su gama zama sai ga wata. Sai ga 'yan okada daga Idi-Araba, bibbiyu a kan babur. Tabarmi suka cika, aka aika masallaci a ƙaro. Ni fa a nan kaina ya kumbura. Na dubi samarina na ce, "Kun gani ko? Maganata har Mile 12 ta kai." Na gyara hula, na fara tsara jawabin da zan yi a raina.

Wani tsoho ɗan dako, da gammonsa a kafaɗa, ya durƙusa gabana ya kama hannuna.

"Ashe an gane shi. Allahu akbar. A ina aka ga gawar?"

"Gawar wa, Baba?"

"Ta ƙanen mai albasa mana. Ba nan ne gidansa ba?"

Ashe 'yan okada ne suka wuce da safe, suka ga kanofi da tabarmi a ƙofar gidan da kowa ya san ana neman mutum. Ba su tsaya karanta kwali ba, kamar dai yadda Iya ta faɗa. Suka kai labari kasuwa cewa an ga gawa, mai albasa ya haƙura ya zauna. Mutanen da suka yi wata biyu suna riƙe da ta'aziyyarsu a baki suka bar kayansu suka taho.

Na shiga bin tabarmi ina gyara zance. In na gaya wa waɗannan, sai wasu su sauka daga mota. Ina cikin haka na ji wurin ya yi tsit daga bakin layi. Abokina ne ya sauka daga okada.

Mutanen kasuwa suka miƙe suka nufe shi. Wannan ya kama hannunsa, wancan ya dafa kafaɗarsa, ya haƙuri, ya haƙuri. Ya ratso su bai amsa wa kowa ba, idonsa a kaina. Har in mutu ba zan manta fuskarsa ba. Akwai firgita a ciki, amma akwai wani abu kuma, irin na mai dakon da aka ce masa sauke, an iso.

"Ina yake? Ina anka gane shi?"

Na ce, "Ba a gan shi ba."

"To wa ya mutu gidan ga?"

"Zaman Falasɗinawa ne. Na gaya maka."

"A ƙofata?"

Ya cakumi wuyan rigata. Ƙato ne, mai ɗaga buhun albasa, sai da dugadugaina suka bar ƙasa. "Kun gaji da jira, shi ne kunka kashe min shi da tabarma!"

Na ga maƙwabtanmu Yarbawa sun fara tashi daga kujeru. Na ga samarinmu ma sun miƙe. A Legas ta lokacin, abin da bai kai wannan ba ya isa a yi ta gudu. Sai ga Iya ta taho daga wajen tukwane da ludayi a hannu.

"Sake shi, ɗana. Mu tsofaffi ya kamata mu hango, ba mu hango ba. Sake shi."

Ya sake ni. Ya shige gida, muka ji ƙarar ƙofarsa har waje.

Samarin suka ce a watse kawai. Na ce babu inda za a je. In aka watse a haka, labarin da zai koma kasuwa shi ne ƙanen ya mutu, kuma kafin sati ya kai kunnen tsohuwa a Sakkwato. Na gyara wuyan rigata na ɗauki lasifika. Jawabin da na tsara duk ya gudu, sai na faɗi abin da ke bakina, da Hausa, sannan na maimaita da Yarbanci.

Na ce, "Jama'a, ku saurara da kyau, kuma ku kai wa wanda bai zo ba. Ba a ga ƙanen bawan Allahn nan ba. Ba a ga gawarsa ba, babu wanda ya ce ya mutu. Wanda ya zo da wannan niyya, Allah ya ba shi ladan tafiya, amma kada ya yi masa ta'aziyya."

Sannan na gaya musu tabarmar ta su wa ce. Na ce mutane ne a wata ƙasa da yawancinmu ba za mu taɓa takawa ba. An rushe gidaje a kansu. Yanzu haka 'yan'uwansu suna tona ɓaraguzai, ba su san nasu yana ƙarƙashi ba, ko an kama shi an tafi da shi, ko yana wani asibiti. Ba su iya yin makoki, ba su iya daina nema. Na ce mu ba mu da tanka, ba mu da kujera a inda manya suke zama, amma muna da baki, kuma muna da tabarma. Abin da muke cewa shi ne a daina kashe wanda bai ɗauki makami ba, ko a can ne, ko a nan Idi-Araba, ko Bahaushe ne ko Bayarabe.

Wallahi ban yi niyyar faɗin wannan na ƙarshen ba, shi ya fito da kansa. Na ga masu kujeru sun koma sun zauna. Babu wanda ya tafi, har mutanen Mile 12. Liman ya fara karatu, mata suka fara raba shinkafa. Ni dai rabin hankalina yana kan lungun gidanmu, don bakin lasifikar tagar abokina yake kallo, kuma na san ya ji komai.

Dab da la'asar ya fito. Ya wanke fuska, amma idon ya yi ja. Ya tsaya a kaina.

"Abin da kac ce, da gaske ne ko daɗin bakinka ne?"

"Da gaske ne."

"Su ma ba su ga gawa ba?"

"Wasu ba su gani ba."

"Kuma suna nema?"

"Da hannu suke tonawa."

Ya dubi tabarmar gaba, ta kusa da liman, inda waɗanda aka yi wa rasuwa suke zama.

"Wa ke amsa musu gaisuwa?"

"Ni ne nake ta kame-kame tun safe."

"Kai mi kas sani," in ji shi. Ya cire takalminsa ya taka tabarmar, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa. Bai nemi lasifika ba, muryarsa ta isa. "Ku zo ku yi min tasu, ni zan amsa. Amma ƙanena, kada wanda ya ce Allah shi jiƙan shi. Ku ce Allah shi bayyana shi."

Tsohon nan ɗan dako ne ya fara tashi. Ya durƙusa ya ce, "Ya haƙurin mutanen Falasɗinu?" Abokina ya ce da godiya. Tsohon ya ce, "Allah ya jiƙansu. Naka kuma Allah ya bayyana shi." Ya ce amin. Sai layi ya miƙe. 'Yan kasuwa, 'yan okada, telan nan da matarsa, maƙwabtanmu Yarbawa da 'yar Hausarsu ta kasuwa. Kowa addu'a biyu yake yi, ɗaya ta can, ɗaya ta nan. Ni ministan harkokin waje na koma mai nuna wa mutane inda za su ajiye takalma, kuma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba.

Alhaja ce ta zo ƙarshe. Gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, amma ta dafa ƙarfen kanofi ta sauka har ƙasa a gefen tabarmarsa. Kowa ya zuba ido, don duk layin an san ba ya gaishe ta.

"E pele, sannu ɗana," in ji ta. "Allah ya jiƙan su. Yaro naka, Allah ya kawo shi. Ni kullum ina yi masa addu'a, kai ba ka tsayawa in gaya maka."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Amin, Mama." Da za ta tashi, shi ya miƙa mata hannu.

Da muka zo naɗe tabarmi, na kama bakin wata sai na ji an kama ɗaya bakin. Ya ce, "Ɗan Ikko, ko naɗin tabarma ba ka iya ba." Daga nan na san ban rasa shi ba.

Lahadin da ta biyo ya sake fita nema, da wadda ta biyo bayanta. Wasu lokutan ina rufe shago in raka shi. Ba a ga ƙanen ba. Bayan wasu shekaru tsohuwarsu ta rasu, shi ma ya tattara ya koma gida.

An sha tambayata, wani lokaci da izgili, me tabarmar Agege ta tsinana wa Falasɗinawa. Ban san ko akwai Bafalasɗine ɗaya da ya taɓa jin labarin ba. Wani ɗan jarida ya zo ya ɗauki hoto, ban ma ga ya fito ba. Tanka ko ɗaya ba ta juya ba saboda mu. Amma ko yau aka ce in sake, zan sake, kuma ba zan ji kunyar kowa ba. Mun ga ana zalunci mun ce zalunci ne, a bainar jama'a, a garin da a lokacin tara Hausawa wuri ɗaya ma kasada ce, kuma ko kaza ba ta ji ciwo ba. Masu cewa ka gama da na gida kafin ka duba na nesa, ina jin su, abokina ma ya faɗa min, kuma ya fi su hujja. Sai dai ni na ga ranar da idona. Wanda ciwonsa ya fi na kowa kusa shi ne ya fi kowa gane na nesa, kuma sai da aka yi kukan na nesa sannan layinmu ya sami bakin yi masa magana.

Duk tsawon shekarun nan muna waya, kuma ban taɓa cewa Allah ya jiƙan ƙanensa ba. In zancen ya zo, Allah ya bayyana shi nake cewa, ya ce amin. Kwanakin baya, da yaƙin can ya sake tashi, hotuna suka cika wayoyi, sai ga kiransa da rana tsaka. Muryar ta tsufa.

"Ɗan Ikko, kana gani?"

"Ina gani."

"Za ku sake zama?"

Na ce Iya ta rasu, Alhaja ta rasu, amma ƙofar tana nan, masallaci kuma bai rasa tabarmi ba.

"To in kun zauna, ku haɗa da shi."

Na san wa yake nufi, amma na ji tsoron in riga shi. Na ce, "In ce me?"

"Ka san abin da ake cewa."

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce, "Allah ya jiƙansa."

Ya ce, "Amin."